Funeral for Justice: kiɗan da ya fi ƙarfin sifikar waya

A shekarun da nake zaman rumfar tura waƙoƙi a Sakkwato, akwai wata waƙa da 'yan Nijar masu shigowa ta Illela ke yawan cewa a saka musu a memori. Ba suna a jikinta, lamba ce kawai. Muryar Ba'abzine ce da aka matse da na'urar nan mai lanƙwasa murya, wadda mawaƙan fina-finanmu suka mayar gishirin miya a lokacin, ga gangar kwamfuta tana bugawa a ƙasa. Sai bayan shekaru na san mai ita Mdou Moctar ne, kuma a garin nan namu ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. Wato mutumin da masu sharhi a Amurka ke kwatantawa da shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix yau, ta wayoyinmu ya fara yawo, daga bulutut zuwa bulutut.

Shi ya sa da na sayi kundinsa Funeral for Justice, wanda kamfanin Matador ya fitar a watan Mayun 2024, na yi masa abin da na saba yi wa kowace waƙa: na kunna a waya na ajiye kan tabarma. Ban kai waƙa ta uku ba na kashe. Ƙara ce zalla, kamar ana jan kwanon rufi a kan kwalta. Na je kasuwa na sayo 'yar sifika, mai kayan ya yi ta rantsuwa cewa tana da duka, ashe dukan nata bai wuce na gwangwanin madara ba. Sai da na ari abin sauraron ƙanena, irin mai rufe kunne gaba ɗaya, sannan na ji abin da na biya kuɗi a kai.

Mutum huɗu ne ke aikin, kuma biyu daga cikinsu waya haɗiye su take yi. Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa jita mai kauri, shi ne kuma ya haɗa sautin kundin, a waya ko alamarsa babu. Gangar Souleymane Ibrahim ma ƙwas-ƙwas kawai take fitowa, alhali a kunne sukuwa ce sosai, irin bugun kiɗan gargajiyar nan na takamba da aka ƙara wa wuta. Ahmoudou Madassane shi ke riƙe da zaren waƙa, yana maimaita 'yan sautuka kaɗan ba gajiya, kamar mai gurmi da ya sami zama. A kan wannan shimfiɗar ne Mdou ke yin abin da ya ga dama. Bahago ne, da yatsu yake kaɗawa, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba sa son harkar kiɗa. Duk saurin da hannunsa zai yi, ana jin wannan tsinin wayar birkin har yanzu.

Waƙar da ta kama ni ita ce Imouhar. Tana farawa can ƙasa-ƙasa, sautin a dushe, kamar wayar da ke kiɗa a aljihun wani yana wucewa ta ƙofar gida. Na ɗauka abin kunnen ne ya samu matsala, na kai hannu na ƙara murya har ƙarshe. Daidai nan suka afko su huɗu a lokaci guda, saura ƙiris in jefar da wayar. Na sake mayar da ita baya ya fi sau biyar a daren, don wannan minti ɗayan na farko shi ne Mdou ɗin da na sani a rumfa, abin da ya biyo baya kuma shi ne na yanzu, ya haɗa su cikin waƙa guda.

Akwai wani dattijo Ba'abzine da ke sayar da zobban azurfa kusa da mu, na kai masa ya saurara. Ya daɗe shiru, sannan ya cire abin daga kunne ya ce, "Yaro, faɗa yake yi wa mutanenmu da suka bar yarensu suna tinƙaho da na wasu." Na ce, "Baba, mu ma ai da sauƙi-sauƙi muke jin irin wannan faɗan." Ya yi dariya ya nemi in kai shi waƙar da aka sa wa sunan Faransa. Ita wannan ko ba tafinta mutum zai gane fushi ne. Nijar, ƙasar da aka shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a garinta na Arlit ana kaiwa waje, amma wutar lantarkinta sai ta sayo daga Najeriya, ba a rasa abin faɗa ba. An gama ɗaukar kundin kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda ya riske su suna zagayen wasa a Amurka, aka rufe iyakoki suka kasa komawa gida na ɗan lokaci. Saboda haka masu cewa ya bi iskar siyasar bayan juyin mulki ne, lissafinsu bai fita ba.

Ba zan ce komai ya yi mini ba. Waƙoƙi tara ne, duka ba su cika minti 40 ba, amma in na saurara a jere sai in tashi kamar wanda ya yi tafiyar babur a hanya mai gargada. A wurare da dama jitar ta danne murya, abin da kunnen Bahaushe, da ya saba bin baiti kafin kiɗa, ba zai yafe da wuri ba. Sannan dabarar nan ta ƙara gudu a ƙarshen waƙa, ta farko da ta biyu tana tayar da tsikar jiki, ta huɗu kuwa ka riga ka san tana tafe. Ba kiɗan bayan isha'i ba ne, kuma kada ka kuskura ka saka shi a mota in ka ɗauko surukinka.

A farkon 2025 suka sake fitar da waƙoƙin nan da jitar katako, ba lantarki, suka kira shi Tears of Injustice. Wannan kam waya na ɗaukarsa lafiya lau, murya ta fito fili, ana jin tafi da amshi. Shi dattijon ya fi so, shi muke kunnawa in ya ɗora shayi da la'asar. Ni dai zuciyata na wajen mai ƙarar, sai dai ƙanena ya aiko sau biyu a mayar masa da abin kunnensa, kuma kuɗin sabo ya kusa rabin abin da nake samu a wata.