Murhun gas na ɗumama ɗaki, da abin da wayoyin lantarki biyu suka jawo mini

Ƙanena da ke zaune a Amurka ne ya aiko wa mahaifiyarmu murhun nan a ƙarshen 2023, bayan ya sha jin labarin yadda Hajiya take kwana da kaskon garwashi a ɗaki duk lokacin hunturu saboda sanyin ƙashi. Wanda ya san asubahin Janairu a Zariya, musamman ta wajen Samaru inda iska ba ta da shamaki, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Murhun irin wanda ake ginawa cikin bango ne, da gilashi a gaba, da bututun da ke fitar da hayaƙi waje, kuma da rimot ake kunna shi. Ni aka ɗora wa alhakin kafa shi, don haka ni na ɗanɗana kuɗarsa.

Magini ya yi nasa aikin lafiya, mai gas ma ya ja tiyo daga tukunya mai kilo 12.5 da muka ajiye a bayan ɗakin, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa bai ga kumfa ba. Saura lantarki. A ƙarƙashin murhun akwai wani ɗan baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar: shi yake ba da tartsatsi, ya kunna ƙaramin harshen wuta, ya tabbatar ya kama, sannan ya buɗe bawul ɗin babbar wutar. Bolt 6 kacal yake ci, ta hanyar adafta ko batir huɗu ƙanana. Daga jikinsa wasu siraran wayoyi biyu suka fito, waɗanda ake kai wa makunnin bango, kuma aikin makunnin bai wuce ya haɗa su ko ya raba su ba. Ba a kai musu wutar gida ko kaɗan.

Na kira mai gyaran lantarkin da ya daɗe yana yi mana aiki, na miƙa masa littafin, ya juya shafi biyu ya ajiye a kan kujera. Ya ce, "Alhaji, ai makunni makunni ne, shekara nawa muna wannan aiki." Na ce, "Malam, a dai duba zanen, kayan nan ba irin namu ba ne." Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina. Na tafi sallar la'asar, kafin in dawo ya jawo layin bolt 230 daga soket ya haɗa da siraran wayoyin nan kamar yadda ake yi wa ƙwan fitila. A gabana ya danna makunnin. Ƙara ɗaya muka ji, tas, sai wani siririn hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya fito ta ƙasan gilashin. Ya tsuguna ya zura tasta yana taɓa nan da can, can ya ɗago ya ce wai kayan Turawa ba su da ƙwari. Ban tanka masa ba, domin da na buɗe baki a lokacin da zumuncin shekara goma ya ƙare a wurin.

Na zaga Sabon Gari da akwatin a aljihu, shago bayan shago, kowa ya juya shi ya girgiza kai. Wani ya buɗe ya nuna mini inda allon ciki ya yi baƙi ƙirin, ya ce ko an canza abin da ya ƙone ba zai yarda a mayar da shi kan gas ba, kuma na gode masa da wannan gaskiyar. Sai da muka jira mako shida kafin sabo ya iso, lokacin sanyi ya fara ja da baya, Hajiya kuwa ta koma wa kaskonta tana cewa, "Kai ɗan nan, wannan bai taɓa neman a aiko masa da komai daga Amurka ba."

A karo na biyu ni na zauna da littafin, na sa a sayo tiransifoma mai sauke wuta zuwa bolt 120 saboda adaftar da fankar da ke hura ɗumin murhun cikin ɗaki, na tsaya a kan mai aikin har ya gama. Abin da ya ba ni mamaki ya faru a dare na uku. An ɗauke wuta wajen ƙarfe biyu, na tashi da niyyar hura gawayi, sai na tarar murhun yana ci abinsa, batiran sun karɓi aiki, fanka ce kawai ta tsaya. Rimot ɗin yana da ma'aunin zafi, idan ɗaki ya kai makin da aka sa masa sai ya kashe wutar, in ya huce ya sake kunnawa. A daren nan na yafe wa murhun komai.

Yafiyar ba ta daɗe ba. A hunturun da ya biyo baya ya fara wani hali: ƙaramin harshen zai kama, tartsatsin ya ci gaba da ƙyas-ƙyas, sannan komai ya mutu. Ashe ƙurar hunturu ce take lulluɓe ɗan sandan ƙarfen da ke jin wutar, sai akwatin ya ɗauka ba ta kama ba ya rufe gas. Dole in rufe tukunya, in jira ya huce, in cire gilashi in goge sandan, kuma kusan duk mako biyu ke nan. Batiran ma ba sa jimawa a garin da su ne suke yin rabin aikin, ga tukunyar gas da ba ta kai mana yadda na zata. Har yanzu ina jin haushin masu ƙera shi, da suka ɓoye gargaɗin wayoyin nan biyu a tsakiyar littafi maimakon su manna jan tambari a jikinsu.

Hajiya tana barci da ɗumi ba tare da hayaƙin gawayi ba, wannan ba zan musa ba. Amma da kuɗina ne, ban tabbata zan sake sayen irinsa ba, kuma kaskon yana nan a bayan ƙofa, ta hana a fitar da shi.