Karatun nazarin laifuka: a gida za ka yi dakta ko a waje?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka gama digirin farko a fannin nazarin laifuka da harkokin tsaro, ka kammala bautar ƙasa, burinka ka koyar a jami'a kana bincike, kuma kana so ka san wanne ya fi: ka yi mastas da dakta a nan Najeriya, ko ka nemi hanyar Ingila ko Amurka. 'Yan'uwa sun ba ka amsa iri-iri, yawancinsu a kan kuɗi. Kuɗi na da muhimmanci, amma a wannan fanni namu ba shi ne babban abin da ya raba hanyoyin biyu ba.

Bari in fara da waje. Cibiyar nazarin laifuka ta Jami'ar Kambirij tun 1959 aka kafa ta, Leon Radzinowicz ne ya fara shugabantarta. A Amurka kuwa akwai jami'o'in Meriland da Sinsinati da Olbani, duk sun yi suna. Mastas a Ingila shekara ɗaya ce, dakta uku zuwa huɗu, kuma kusan daga ranar farko kai da bincikenka ne. Amurka ta fi ɗaukar lokaci, biyar ko shida, domin sai ka yi shekara biyu ko fiye kana zama aji, ana ɗura maka ƙididdiga da dabarun bincike kafin a bar ka ka taɓa kundinka. Amma su sukan yafe kuɗin makaranta su kuma ba ka ɗan alawus, kai kuma ka taya malamai koyarwa ko bincike.

Abin da suka fi mu da shi nesa ba kusa ba shi ne alƙaluma. Ingila tun 1982 take bin gidaje tana tambayar mutane ko an yi musu sata ko duka, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Amurka ta fara irin nata tun farkon shekarun 1970. Ɗalibi yana zaune a ɗakinsa zai sauke bayanan shekara arba'in a kwamfuta, ya fara aiki kafin shayinsa ya huce.

Mu kuwa? Lokacin da nake haɗa kundin mastas na je wani ofishin 'yan sanda neman adadin ƙararrakin sata na shekara uku. Sati biyar ina jele: kawo takarda daga makaranta, kai ta hedikwata, oga ya yi tafiya. Ranar da aka yarda, sai aka ajiye min wani ƙaton littafi, bangonsa ya cire, watanni huɗu babu su gaba ɗaya, wasu shafukan ruwa ya ci tawadar. Da shi na yi aikin. Gidauniyar CLEEN, wadda Innocent Chukwuma ya kafa a 1998, ta yi ƙoƙari ƙwarai da binciken jin ta bakin waɗanda aka zalunta, tare da Farfesa Etannibi Alemika na Jami'ar Jos. Amma aikin gidauniya ba ya zama madadin na hukuma.

To, ga inda gida ya yi wa waje fintinkau. Abin da za ka nazarta a ƙofar gidanka yake. 'Yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi, Kalare a Gombe, ƙwacen waya, fashin daji da garkuwa da mutane a Zamfara da Katsina, 'yan sa-kai, Hisba, sulhun da mai unguwa yake yi wanda ba ya taɓa shiga littafin kowa. Dubi gidajen gyaran hali, inda kusan kashi biyu bisa uku na mutanen ciki jiran shari'a suke yi, ko bayan dokar 2019 da ta sauya wa hukumar suna. Bature zai ci shekara yana neman izini da tafinta kafin ya samu hira guda. Kai kuwa teburin mai shayi ya ishe ka. Na taɓa zama da wani yaro da ya tuba da daba, sai da muka yi dare uku muna hirar ƙwallo kafin ya buɗe baki ya gaya min yadda ake rabon abin da aka samo da kuma wanda ake kai wa kaso. Wannan babu laburaren da zai ba ka shi.

Illar gida kuma ka san ta. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci, na 2020 ya kai tara. Daktan da aka rubuta shekara uku a takarda tana iya kai ka bakwai. Sufabaiza ɗaya ɗalibai sun yi masa yawa, babinka ya yi wata biyu a bayan motarsa. Kuma, a gafarce ni, ana yawan barin ɗalibai su raba takardar tambayoyi ɗari uku, su fitar da kaso cikin ɗari, a ce an yi bincike. Mujallun kirki ba sa karɓar irin wannan, shi ya sa mutum yake ƙarewa a mujallun biya-a-buga.

Sai batun samun aikin kansa, wanda masu zuga ka tafi waje ba su ambata ba. Mai mastas ana ɗaukarsa mataimakin lakcara, mai dakta ya shigo a lakcara mai daraja ta biyu, kuma ba ka zama babban lakcara sai da dakta da rubuce-rubucen da ka buga. Wanda ya zauna gida, shugaban sashe ya san fuskarsa, ya taya duba jarrabawa, idan gurbi ya samu shi ake tunawa. Wanda ya yi shekara shida a waje yana iya dawowa da takarda mai nauyi ya tarar babu gurbi. A da mutum yakan fara kama aiki sannan TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta tura shi waje, amma daga farkon 2025 ta dakatar da tallafin karatun ƙetare. Chevening, wato sikolashif ɗin gwamnatin Birtaniya, mastas kaɗai take biya, kuma sai kana da shekara biyu na aiki. Hukumar sikolashif ta Commonwealth tana biyan dakta, sai dai gasar tana da zafi.

Manyanmu na wannan fanni da yawa a waje suka yi dakta. Marigayi Farfesa Femi Odekunle, wanda ya daɗe yana koyarwa a ABU Zariya, a Jami'ar Fensilbeniya ya yi tasa, haka ma Alemika. Janar Abdulrahman Dambazau a Jami'ar Kil ta Ingila ya yi. Amma duba abin da ya ɗaukaka su: rubutu ne a kan 'yan sanda da kotuna da kurkukun Najeriya. Dabara suka je suka koyo, suka dawo da ita kan matsalar gida.

Da ni ne kai, mastas a gida zan yi, a sashen da ke da malamin da ya buga aiki a kan abin da nake so, ko da sashen ilimin zamantakewa ne, domin can ne asalin fannin a jami'o'inmu. A cikin wannan lokaci in dage in koyi ƙididdiga da manhajar SPSS ko R, in fitar da maƙala ɗaya mai kyau daga kundina, in riƙa leƙa ko gurbi zai buɗe. Dakta kuwa zan nemi ta waje, da sharaɗi biyu: a biya min komai, kuma a yarda in dawo gida in tattara bayanai. In ba a samu ba bayan nema biyu, in yi rajista a nan ba tare da wani baƙin ciki ba. Gona ko gidan gado dai kada ka sayar don kuɗin makarantar Ingila, albashin lakcara ba zai mayar maka da shi ba.

Ka turo min batun da kake tunanin yi a shafi ɗaya, da garin da za ka tattara bayanan, sai in gaya maka sashen da ya kamata ka fara ƙwanƙwasa wa ƙofa.