Allurar Gudair ta tumaki da awaki: tana rage asara, ba ta warkarwa

Gudair allurar rigakafi ce da kamfanin CZ Vaccines na ƙasar Sifen yake yi domin cutar Johne, wadda ƙwayar cutarta 'yar'uwar ta tarin fuka ce, sai dai ita a bangon hanji take zama. Dabba kan ɗauke ta tana jaririya, ta bakin nono ko abincin da kashi ya ɓata, amma alamar ba ta fitowa sai bayan shekara biyu ko fiye. Tunkiya tana ci tana ramewa, a ba ta maganin tsutsa sau nawa, babu canji. A shanu zawo ne babbar alama. A tumaki da awaki kuwa sau da yawa ba a ganin zawon, shi ya sa ake ɗora laifin a kan tsutsar ciki ko ciwon hanta.

Kafin a sayi allurar, a tabbatar cutar ce. Gwajin jini na ELISA yana da sauƙin kuɗi amma yana tsallake dabbobin da cutar ba ta yi nisa a jikinsu ba. Gwajin kashi na PCR ya fi shi kamawa. Idan wata ta mutu, likitan dabbobi ya buɗe ta: zai ga ƙarshen ƙaramin hanji ya yi kauri, kaluluwar da ke jikinsa sun kumbura.

Mililita 1 ake yi a ƙarƙashin fata, a wuya bayan kunne, sau ɗaya a rayuwar dabba. A Ostareliya, inda aka amince da ita a 2002, ana yi wa 'yan tumaki tsakanin sati 4 zuwa 16, kuma gwajin da aka yi can ya nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi 90 cikin 100. A ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare, a girgiza kwalbar sosai.

Aibinta yana wajen man da aka haɗa ta da shi. Takan bar ƙullutu a wuya, wani lokaci da ruwa. Idan tsinin ya nutse kusa da ƙashin wuya, dabba na iya fara tangaɗi, don haka gajeren tsini na milimita 6 ake so. Wanda ya soki kansa da allurar ya tafi asibiti nan take da kwalbar a hannu, domin man yana cin nama har ya kai ga tiyata. Kuma dabbar da aka yi wa za ta riƙa fitowa kamar mai cutar a gwajin jini, sai a sa mata alama a kunne.

A ganina ta cancanci kuɗinta a garken da aka tabbatar yana da cutar, muddin ana fitar da ramammu, ana ɗaga kwanon ruwa da na abinci daga ƙasa, ana kwashe taki daga wurin haihuwa. Wasu da aka yi wa allurar suna ci gaba da zubar da ƙwayar cutar a kashinsu, ita kuma tana iya shekara guda a ƙasa mai inuwa da danshi.