Direban da ya kai ni Illela ɗaukar hoto

Ranar Lahadi na ɗauki shatar wani dattijo daga Sakkwato zuwa kasuwar Illela, don in ɗauki hoton raƙuma a tsohuwar hanyar da ta bi ta Ƙonni da Tawa har Agadas, wadda ayarin gishiri ke saukowa ta kanta a da.

Baba ya san aikinsa. Da asuba ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ya ce idan rana ta take, hazon hunturu zai cinye hoton. Gaskiyarsa. Bayan mun wuce Kware da Gwadabawa ya tsaya ba tare da na roƙa ba, ya nuna min wasu Buzaye suna kora raƙuma, rana tana fitowa ta bayansu. Shi ya fara yi musu sallama da neman izini kafin na ɗaga kyamara. Wannan hoton ya fi duk na kasuwar.

Motar ce dai sai haƙuri. Gilashin baya ba ya rufuwa, ƙura ta shiga har cikin jakar kyamarata, na kwana ina gogewa. Kuɗin mai ma sai da muka ja.

Zan sake neman sa, amma da leda zan nannaɗe kayana.