Zaɓen tsangayar shari'a ga mai burin kare haƙƙin ɗan Adam a Najeriya

Ɗalibin da ya ƙudiri aniyar karanta shari'a don ya tsaya wa talaka a kotu yana bukatar ma'auni dabam da na wanda ke harin aikin lauyan kamfanonin mai ko na bankuna. A Najeriya digirin farko na shari'a na gama-gari ne: shekara 5 ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara 4 ga mai shiga aji biyu kai tsaye, sannan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari a Abuja, take kuma da rassa da suka haɗa da na Bagauda a Kano da na Yola. Manyan darussa kusan iri ɗaya ne a ko'ina, saboda haka bambancin da ya kamata a nema yana cikin abin da tsangayar ke sa ɗalibi ya yi da hannunsa kafin ya kammala.

Kafin komai, a tabbatar cewa tsangayar tana da amincewar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa da kuma ta Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, domin ita wannan majalisa ce ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya turawa Makarantar Horas da Lauyoyi a shekara. Jami'ar da ta ɗebi ɗalibai fiye da kason da aka ba ta takan bar yaranta suna zaman jira bayan sun gama, wani lokaci har shekaru, kuma wanda ba a rantsar da shi a matsayin lauya ba, ba ya iya tsayawa gaban alƙali ya nemi belin kowa. Uba ko uwa suna da cikakken haƙƙin tambayar shugaban tsangaya kai tsaye: nawa ne kasonku, kuma ɗalibai nawa ne a ajin ƙarshe na bana?

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowane nauyi, shi ne ofishin taimakon shari'a na ɗalibai, wanda ake kira kilinik. Ƙungiyar NULAI, ta cibiyoyin taimakon shari'a na jami'o'i, wadda aka kafa a 2003, ita ta jagoranci shigo da wannan tsari cikin jami'o'in ƙasar nan, kuma Jami'ar Maiduguri na cikin waɗanda aka fara gwajinsa a cikinsu. Jami'ar Ibadan kuma tana da irin wannan ofishi da ya keɓanta da matsalolin mata. Amfanin kilinik yana bayyana ne ranar da ɗalibi ya zauna a kan benci a gidan gyaran hali, da takarda a cinyarsa, yana tambayar wani matashi ranar da aka kama shi, da kotun da aka kai shi, da ranar da ya yi wa alƙali ganin ƙarshe, shi kuwa matashin ya kasa tuna wata sai dai ya ce kafin azumin bara ne. Daga nan ɗalibin zai bi sawun fayil daga ofishin 'yan sanda zuwa ma'aikatar shari'a, ya gano cewa shawarar lauyan gwamnati ake jira ba ta fito ba. Mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya jiran shari'a suke yi, alhali sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma dokar gudanar da shari'o'in laifi ta 2015 ta ƙayyade wa'adin tsarewa. Wanda ya taɓa bin fayil guda ɗaya har ya ga an saki mai shi ya fahimci waɗannan sassa fiye da wanda ya haddace su don jarrabawa. Sai dai allo a ƙofar ofis bai isa hujja ba. A tambayi 'yan ajin ƙarshe ko ofishin yana buɗewa kowane mako, ko akwai lauyan da ke duba aikinsu, ko kuma ana ba su maki a kansa.

Na uku shi ne zaɓi tsakanin digirin dokar Turawa zalla da wanda ya haɗa ta da shari'ar Musulunci. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna koyar da su a haɗe, yayin da Jami'ar Ahmadu Bello, a harabarta ta Kongo a Zariya, take da ɓangarorin biyu, tare da tsohuwar cibiyar nazarin shari'ar Musulunci. Ga wanda zai yi aiki a Arewa, ina ganin haɗaɗɗen digirin ya fi amfani, domin rigingimun talaka na gado da saki da riƙon 'ya'ya da ciyarwa, kotunan shari'ar Musulunci da kotunan yanki ne ke sauraron akasarinsu. Shari'ar Amina Lawal ta isa misali. Lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta soke hukuncin jifa da aka yanke mata kan zargin zina, a watan Satumban 2003, hujjojin da suka yi aiki daga cikin fiƙihun Malikiyya suka fito, kamar damar janye iƙirari da batun kwantaccen ciki. Lauyan da ya san yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai, bai san littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Mukhtasar ko Tuhfa ba, da wuya ya iya gina irin wannan kariya. Wanda kuwa yake nufin aiki a kan gurɓatar muhalli ko haƙƙin ma'aikata, jami'o'in Legas da Ife da Nsukka sun fi kusa da manyan ƙungiyoyin da ke shigar da irin waɗannan ƙararraki.

A duba kuma ko ana koyar da haƙƙin ɗan Adam a matsayin darasi mai zaman kansa, da kuma wanda ke koyar da shi. Malamin da ya taɓa shigar da ƙara ƙarƙashin ƙa'idojin 2009 na kai ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam zai iya nuna wa ɗalibansa dalilin da ya sa babi na 2 na kundin tsarin mulki, mai magana kan ilimi da lafiya, ba ya ba da damar kai ƙara kamar babi na 4, mai magana kan muhimman haƙƙoƙin ɗan Adam, da yadda lauyoyi ke bi ta Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam don cike wannan giɓi. Da wannan yarjejeniya ce Hadijatou Mani, wata 'yar Nijar da aka sayar a matsayin baiwa, ta yi nasara kan gwamnatin Nijar a kotun ECOWAS a 2008, saboda gazawar hukuma wajen kare ta daga bauta. Mazaunin wannan kotu yana Abuja, haka ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wanda hakan ya ba ɗaliban Abuja da kewaye sauƙin samun gurbin sanin makamar aiki.

Batun kuɗi ma yana cikin lissafin. Jami'o'i masu zaman kansu ba sa fama da yajin aiki irin na jami'o'in gwamnati, wanda a 2022 ya cinye wata 8, amma kuɗinsu yana da yawa, aikin kare marasa galihu kuma ba ya kawo abin da zai mayar da shi da wuri. Wanda ya yi digirin farko a Ingila kuwa sai ya fara yin kashin farko na karatun Makarantar Horas da Lauyoyi, inda zai koyi dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da sauran.

Shi ya sa nake ba da shawarar a yi digirin farko a gida, a ajiye fita waje sai digiri na biyu, domin a nan ne ƙwarewa ta musamman take. Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu tana gudanar da digiri na biyu na shekara guda kan haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya a Afirka tun 2000, inda ɗalibi ke yin rabin shekarar a wata jami'ar Afirka da suke ƙawance da ita. Jami'ar Essex a Ingila ma ta daɗe da suna a fannin. Masu tantance masu neman irin waɗannan gurabe sukan duba aikin da mutum ya riga ya yi, don haka tun daga aji uku ɗalibi ya riƙa ajiye rikodin kowane fayil da ya bi, da ranar da ya fara, da inda maganar ta tsaya.