Gargaɗi ga masu tsohon keken tsere na Faransa: akwai macuci da ke sayar da kayan Ingila da sunan na Peugeot

Jama'a, duk mai tsohon Peugeot, Motobecane ko Gitane na ƙarfe, irin waɗanda ake shigo da su gwanjo, ya yi hattara. Akwai wani mutum da yake tallar kayan gyaransu a intanet yana cewa ainihin na Faransa ne. Ƙarya yake. Naira 85,000 ya ci mini, kuma kuɗin ba nawa ba ne, na mai keke ne da ya ba ni amana. Naira 85,000! Kofunan gindi da aksul (gindi shi ne ramin firam da aksul ɗin hannayen feda ke juyawa a ciki) 32,000, wuyan kan keke 18,000, firiwil, wato giyar sarƙa ta wilin baya, 15,000, feda 20,000. Ko ɗaya a cikinsu bai shiga keken ba.

Kada wani ya ce mini ban bincika ba. Na bincika. Keken Peugeot ne na shekarun 1970, kuma duk mai sana'ar gyaran keke ya san tiredin gindinsa, wato haƙoran ɗauri, 35 x 1 ne (faɗi milimita 35, tazarar haƙora milimita 1), kofin dama da na hagu duk ɗaurin dama suke. Na Ingila kuwa 1.37 x 24 ne (faɗi inci 1.37, haƙora 24 a kowane inci), kofin ɓangaren sarƙa ɗaurin hagu yake. Sai na tambaye shi da gangan, kofin ɓangaren sarƙa ina yake ɗauruwa? Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Maigida, dama mana, ai na Faransa ne, ba na Suwizalan ba." To wa ya san wannan bambanci in ba ɗan hannu ba? Na Suwizalan shi ma 35 x 1 ne, sai dai kofinsa na ɓangaren sarƙa ɗaurin hagu. Wannan amsar ce ta kwantar mini da hankali. Har yanzu ina jin muryarsa: "dama mana, Maigida". A kan wannan magana na tura 85,000.

Kafin nan ma ya turo hoton kofi da lambar 35 x 1 a jiki, ɓaro-ɓaro. A'a, hoton feda ne ya fara zuwa, mai harafin D da G a bakin aksul, wato dama da hagu da Faransanci. Da kaya suka iso tasha na buɗe kwali, R da L na Turanci na gani. Hotunan suna nan a wayata, da shaidar tura kuɗi, da saƙonsa na murya. Zan fito da su duka, sai na gama rufe sunan mai keken tukuna.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne kaɗai, shawarar da yake bayarwa ce in an kira shi. Cewa yake, "Tsatsa ce, ka sa giris ka ɗaure da ƙarfi." Wallahi wannan mugunta ce. Kofin Ingila faɗinsa milimita 34.8, na Faransa 35, shi ya sa na ɓangaren hagu zai shiga zagaye biyu ko uku kamar abin arziki. Amma tazarar haƙoran ba ɗaya ba ce, na Ingila milimita 1.058, na Faransa milimita 1 cif. Daga nan sai ya cije. Ka ɗora sufana ka matsa, ka cinye tiredin firam, kuma firam ɗin nan ba a ƙera irinsa yanzu. In ya cinye, sai dai a nemi gindi marar tiredi mai matsewa daga ciki, ko a sake yanka shi zuwa ma'aunin Italiya, 36 x 24, in har an sami mai kayan yankan. Na ɓangaren sarƙa kuwa ba zai ma kama ba, tunda juyinsu ya saɓa.

Haka firiwil. Tiredin cibiyar wilin Faransa 34.7 x 1 ne, kuma alminiyom ce. Ka ɗaura mata na Ingila, ranar da aka taka da ƙarfi a hawa sai haƙoran su share, ƙafa ta zurma. Feda mai ma'aunin inci, 9/16 x 20, ya aiko, hannun fedar keken kuwa mai ma'aunin milimita, 14 x 1.25, yake so. Wuya kuma milimita 22.2 maimakon 22.0. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma ba zai sauka cikin bututun fok mai riƙe wilin gaba ba, kuma wanda ya buga shi da guduma ya sa ran mai keke a haɗari. Wannan ne kayan 85,000.

Daga baya na ji ba ni kaɗai ba ne. Ashe ya cuci wani kafin ni, ni ne ban sani ba. Wani ɗan'uwa mai tsohon keken Raleigh ƙirar Nottingham ta Ingila, wanda tiredinsa haƙora 26 ne a inci, an aika masa kofuna masu 24. Ya biya tayoyin inci 27, masu lamba 630, aka kawo masa 700C masu 622. Milimita 8 ce tsakani, taya ba za ta taɓa hawa rim ba. Shi ma "ka ja da ƙarfi" aka ce masa.

Na kira, na tura saƙo, ya ce yaronsa ne ya haɗa kwalin, zai canja. Sai ya ce in ƙara 6,000 kuɗin mota. A kan 85,000 in ƙara 6,000! Da na ƙi, ya toshe lambata. Mutumin da ya san bambancin Faransa da Suwizalan ba zai ce mini kuskuren yaro ba ne. Ya san abin da ya zuba a kwalin. Allah ya isa.

Kada ku yarda da hoto. A kira ku ta bidiyo, a nuna lambar da ke jikin ƙarfen, a auna wuya a gabanku. A ɗauki kusa mai tiredi ta M6, wadda sufana lamba 10 ke kamawa, a jingina haƙoranta da na kofin: in sun zauna daram, tazarar milimita 1 ce, irin ta Faransa. Ku ɗaura komai da hannu tukuna, in ya cije ku tsaya. Kuɗi kuma sai kaya sun iso hannu.