Madubin hangen taurari mai baki milimita 70: ya raba Mizar, ƙafarsa ce matsala

Mai tsawon milimita 700 ne, da gilasan ido biyu: na milimita 20 yana ninka girma sau 35, na 10 sau 70.

A gwada shi kan Mizar, ta tsakiya a mariƙin taurari bakwai masu siffar ludayi a arewa. Da ido ma ana hango wata tauraruwa, Alcor, a gefenta. Da gilashin 20 kuwa sai Mizar ta rabu gida biyu tsaf, mai haske ita ce A, abokiyarta B. Haka ƙa'idar suna take: babban harafi ga kowane ɓangare, ƙarami ga na cikinsa. A ɗin kanta tagwaye ce, Aa da Ab, B ma haka, sai dai wannan madubi ba zai nuna su ba, sai an tantance launukan haskensu. Duk mai kayan da ya ce zai nuna, ciniki yake nema.

Ƙafar ce ba ta da ƙwari, ana taɓa ta hoton ya hau rawa. A rataya mata jarkar ruwa ta lita 5 don nauyin ya rage rawar. Lokacin hunturu kuma ƙurar Maradi na dusashe B, a bari sai hazo ya kwanta.